Karayar gwiwar hannu a yara: yaushe ne ake buƙatar tiyata?

Karayar da likitocin ƙashi suka fi gani a gwiwar hannun yara ita ce wadda ke faruwa a ƙarshen ƙashin damtse, dab da gaɓar. Ta fi samun yara 'yan shekara 5 zuwa 7, galibi idan yaro ya faɗo daga bishiya ko katanga ya dafa ƙasa da hannu a miƙe. A wannan shekarun ƙashin wurin siriri ne, shi ya sa yake saurin ɓallewa.

Haɗarin wannan karaya ya wuce na ƙashi. Babbar jijiyar da ke kai jini zuwa hannu tana bi ta gaban gwiwar, tare da jijiyoyin da ke sarrafa motsin yatsu. Idan ƙashin ya goce, bakinsa na iya danne su ko ya raunata su. Saboda haka, kafin a ɗauki hoton ƙashi ma, likita yakan taɓa bugun jini a wuyan hannu, ya duba ɗumin yatsu da launinsu, sannan ya sa yaron ya haɗa babban yatsa da manuni.

Tun 1959 wani likita ɗan Amurka mai suna Gartland ya kasa karayar gida uku, kuma da wannan rabo ake aiki har yau. Idan ƙashin ya tsage bai goce ba, siminti na mako 3 zuwa 4 ya wadatar. Idan ya karkace amma bai rabu ba, ko ya rabu baki ɗaya, yawanci sai an shiga ɗakin tiyata.

Kalmar tiyata ce ke firgita iyaye, alhali a mafi yawan lokuta ba a tsaga fata. Ana sa yaron barci, likita ya ja hannun ya mayar da ƙashin mazauninsa yana kallo ta na'urar hoto, sannan ya soka siraran wayoyin ƙarfe biyu ko uku ta cikin fata su riƙe ƙashin. Bayan mako 3 zuwa 4 ana zare su, sau da yawa ba tare da an sake sa barci ba. Ana buɗe wurin ne kawai idan ƙashin ya ƙi komawa, ko ya huda fata, ko jini bai dawo hannun ba.

Inda matsala ta fi tsanani shi ne ɗorin gida. Gwiwa tana kumbura sosai bayan karaya, kuma idan aka ɗaure ta tam da kara da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa. Jini ya tsaya, naman hannu ya fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya tsira da hannunsa yakan tashi da yatsu a ƙanƙance, lalurar da likita Bajamushe Volkmann ya bayyana a 1881. Wanda bai tsira ba, ruɓewa ke kai shi ga yanke hannu. Ciwo mai ƙaruwa wanda magani ba ya kwantarwa, musamman idan an miƙe yatsu, da sanyin hannu ko dusashewar launinsa, alamu ne na a kwance ɗaurin a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ƙashin da ya haɗe a karkace kuwa yakan bar hannun a lanƙwashe zuwa ciki. Girma ba ya gyara wannan, sai dai a sake yanke ƙashin a daidaita shi, aikin da ya fi na farko wuya da tsada.

Ana yin wannan aiki a asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da Inugu, da kuma asibitocin koyarwa. Bayan cire wayoyi gwiwar kan yi tauri na wasu makonni, amma yawancin yara suna dawo da motsinta ta hanyar wasa da hidimar yau da kullum. Likitoci suna hana murza ta ko miƙe ta da ƙarfi, domin hakan na ƙara taurin.