Ko Ka Sani? Hamada Kan Ɓoye Tsufan Injin Tsaga Katako

Birnin Tamanrasset, wanda ke tsakiyar duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya, yana da nisan kimanin kilomita 1,900 daga Aljiyas, a kan titin da ya ratsa Sahara ya gangara In Guezzam, ya bi ta Arlit da Agadas da Damagaram har Kano, kuma saboda wannan hanya ne ake jin Hausa a kasuwanninsa da wuraren sana'arsa. Yankin ba shi da dajin da ake saran katako, don haka katakon ƙofa da na kabad daga arewa manyan motoci ke kawo shi, kuma da yawansa Aljeriya ma shigo da shi take yi daga ƙasashe irin su Finlan da Suwidin. Injunan kafintoci ma ta nan suke biyowa, kuma tsadar sabo kan sa mai ƙaramin jari ya nemi na hannu.

Injin da ake magana a kai tebur ne na zubin ƙarfe, wanda faifan zarto mai haƙora ke leƙowa ta tsakiyarsa, a gefensa kuma akwai wani dogon tebur mai zamewa, da kan kai mita 3.2, inda ake ɗora allo a tura shi ya wuce ta bakin faifan. Wani Bajamushe, Wilhelm Altendorf, shi ya ƙirƙiro wannan tsari a 1906, kuma har yau sunan Altendorf da na SCM, kamfanin Italiya da ke Rimini, na cikin waɗanda ake yawan gani a jikin tsofaffin injuna. Faifai mai faɗin milimita 350, idan yana juyi sau 4,000 a minti, haƙoransa na gudun fiye da kilomita 260 a sa'a, wanda ke nufin 'yar karkata ko 'yar girgiza da ido ba zai kama ba ta isa ta ɓata yanka.

A biranen bakin teku, inda iska ke ɗauke da danshi da gishiri, tsatsa kan tona asirin injin da aka wulaƙanta, amma a Tamanrasset, inda iska ta bushe ƙayau kusan duk shekara, ƙarfe kan daɗe yana ƙyalli, har injin da ya sha wuya ya fito da kyan ɗan maciji. Abin da ke cin injin a can shi ne ƙura mai laushi da rairayi, waɗanda ke haɗuwa da dusar katako da man giris su zama wani kwaɓi mai goge ƙarfe a hankali, a wuraren da fenti bai kai ba. Wuri na farko shi ne boris, wato zoben ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke riƙe sandar da faifan ke juyawa a kanta. Gogaggen mai saye kan cire wuta gaba ɗaya, ya sauke bel, ya juya sandar da hannu yana saurare, domin lafiyayyen boris shiru yake juyawa, wanda rairayi ya shiga kuwa ana jin gurzarsa a tafin hannu. Daga nan ya kama faifan ya girgiza hagu da dama, kuma duk motsin da ya ji aibi ne. Boris da bel ba su da tsada, ana kuma samun su, sai dai lanƙwasasshiyar sanda ko layin teburin zamewa da ya cinye wata magana ce daban. Allunan kabad ƙanana sun fi manya yawa a aiki, saboda haka tsakiyar layin ta fi gefensa cinyewa, kuma ana gane hakan idan teburin ya yi sako-sako a tsakiya ya ɗaure a ƙarshe. Injin da ya kai wannan hali, a gaskiya, bai cancanci kuɗin motar da za ta ɗauko shi ba.

Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba, wato tsayin garin. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ƙera injunan lantarki ta ɗauka cewa za su yi aiki a wurin da bai wuce mita 1,000 daga matakin teku ba, cikin zafin da bai haura digiri 40 ba, alhali Tamanrasset ta ɗara mita 1,300. Iskar tudu ba ta da kauri, ba ta kwashe zafi kamar ta ƙasa, don haka injin lantarkin da ke juya faifan kan rasa ɗan kaso na ƙarfin da zai iya bayarwa ba tare da ya ɗau zafi ba, kuma idan dusa ta toshe fankarsa, ko an taɓa sake naɗa masa waya ba da kyau ba, ƙonewa ba ta da nisa. Allon ƙarfen da ke manne a jikinsa shi ke faɗin gaskiya: yawancin waɗannan injuna na kilowat 4 zuwa 7.5 ne, suna buƙatar wuta mai layi uku ta bolt 380 zuwa 400, wadda ba kowane shago ke da ita ba sai an nema daga kamfanin wutar lantarki na Sonelgaz. Wutar Aljeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, shi ya sa injin da aka ƙera don Amurka ke rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa.

Abin takaici shi ne yadda tsofaffin injuna kan zo babu wuƙar baya, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke tsaye dab da bayan faifan, a tazarar da ba ta wuce milimita 8 ba. Aikinta shi ne hana tsagar katako ta rufe ta matse faifan, kuma wannan haɗari ya fi kusa a hamada, domin katakon da ya taso daga bakin teku da sauran danshi yakan ci gaba da bushewa yana murɗewa bayan ya iso. Idan tsagar ta matse, haƙoran baya masu tasowa sama kan cafke katakon su cillo shi kan mai aiki, su kuma iya jan hannunsa zuwa bakin faifan. Shi ya sa bai kamata a ƙulla ciniki ba sai an tabbatar wuƙar da murfin faifan suna nan, ko aƙalla mazauninsu bai karye ba.

Saura batun kayan gyara. Injunan Turai galibi suna ɗaukar faifai mai ramin milimita 30, wanda shi ya fi sauƙin samu, kuma tsohon inji mai hannun murɗawa, wanda makanikin unguwa zai iya kwancewa, ya fi dacewa da gari mai nisa irin wannan a kan mai kwamfuta da katinsa zai mutu a zauna jiran saƙo. Nauyin irin wannan inji kan kusanci tan guda, kuma ana ɗaure teburin zamewar tamau ko a sauke shi daban kafin tafiya, domin girgizar doguwar hanya kan sa ƙwallayen da yake gudu a kansu su sassaƙa ramuka a layin.