Daga Kano Zuwa Jidda: Yadda Sa'o'in Tafiya Ke Yanke Kuɗin Jirgi

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai nisan kilomita kusan 3,400 idan an bi miƙaƙƙiyar hanya. Kafin a rufe samaniyar Sudan a shekarar 2023, jirgin fasinja mai gudun kilomita 850 a sa'a guda yakan cinye wannan nisa cikin sa'a huɗu da 'yan kai, yana ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan kafin ya ƙetare Bahar Maliya. Da yake agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu, a wancan lokacin wanda ya tashi ƙarfe goma na dare yakan sauka bayan ƙarfe huɗu na asuba.

Sai dai kamfanonin jiragen sama ba nisan da ke kan taswira suke dubawa ba wajen yanke kuɗin tikiti. Abin da suke lissafawa shi ne sa'o'in da jirgi zai yi a sama. Kowace sa'a tana cin mai, wanda shi kaɗai yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na ɗawainiyar kamfani. Ga alawus na matuƙa, ga gyaran injuna wanda da sa'o'in tashi ake ƙidaya shi, ga kuma kuɗin da kowace ƙasa ke karɓa daga jirgin da ya ratsa samaniyarta.

An ga tabbacin haka a shekarar 2023. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe samaniyar ƙasar, alhali Nijeriya na shirin kwasar maniyyata a kan kujeru 95,000 da Saudiyya ta ba ta. Tilas jirage suka riƙa yin zagaye, tafiyar sa'a huɗu ta doshi sa'a bakwai. Saboda haka kamfanonin jigilar suka nemi Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta amince da ƙarin dalar Amurka 250 a kan kowace kujera, watau dala 250,000 ke nan a kan kowane alhazai dubu.

Hasarar ba ta tsaya a kan mai ba. Jirgin da ke daɗewa a sama sawunsa yakan ragu a mako, kuma man da ya ƙara sha yakan iya rage nauyin kayan da zai ɗauka. Wannan ya shafi fatake masu saro jallabiya da turare da dabino daga Jidda kai tsaye, domin da kilo ake yi masu awon kaya.

Don haka ya kamata ɗan kasuwa, kafin ya ƙulla cinikin jigila da wakilin jirgi, ya tambayi hanyar da za a bi da yawan sa'o'inta, ya kuma nemi a rubuta a cikin yarjejeniya wanda zai ɗauki ƙarin kuɗi idan aka rufe hanya.