Raguwar Man Birki: Ƙari Kaɗai Ba Ya Magani

A hanyoyin Dambatta da Bichi, inda shanu da babura ke ratsa titi ranar kasuwa, birki shi ne rai. Idan man birki ya sauka ƙasa da alamar MIN, galibi ko takalman birki sun cinye, ko bututu na yoyo. Ƙara mai ba ya gyara ko ɗaya. Sai makanike ya duba. A zuba irin wanda aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4, a sauya shi duk shekara biyu domin yana tsotsar danshi.

Sabis kuma ya wuce juye baƙin mai: a duba filtar iska da ƙurar hunturu ke toshewa, ruwan lagireto, tayoyi, batir da fitilu.