Gaiwa Ta Shiga Ɗakin Binciken Likitoci

Duk manomin da ya taɓa haƙar fadama da rani a yammacin Zamfara, tun daga Duza ta ƙasar Anka har zuwa Bukkuyum da Gummi, ya san gaiwa. Ruwa na janyewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa daidai bakinta. Haka za ta zauna wata da watanni, ba ci ba sha, sai damina ta faɗi.

Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma masana sun tarar gaskiya ne. Tsokarta take narkarwa a hankali ta rayu a kai. Bugun zuciyarta yakan ragu, bukatarta ta iskar oksijin ta yi ƙasa ƙwarai, sa'an nan dafin amoniya da sauran kifaye ke zubarwa cikin ruwa ita takan juya shi yuriya ta ajiye. Huhu gare ta, har ma in an danne ta ƙarƙashin ruwa aka hana ta leƙo sama, mutuwa za ta yi. Wani masani Ba'amurke, Homer Smith, ya yi rubutu a kan wannan hali tun 1930.

Dalilin da ya sa likitoci suka damu shi ne, ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan fara lalacewa cikin 'yan mintoci in jini ya yanke mata, ƙodar da aka cire don dashe kuwa ba ta jure dogon jira. Dabbar da ta iya rage wutar jikinta ba tare da ta lalace ba, lalle akwai abin koyo wurinta.

Amma abin mamakin ya fito ne a 2021. Ryan Heimroth, ɗalibi mai neman digiri na uku a Jami'ar New Mexico ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Irene Salinas, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa kwanson nan da aka ɗauka busasshen yauƙi ne, ashe rayayyar fata ce. Fararen ƙwayoyin jini sukan yi ƙaura zuwa cikinsa, su shimfiɗa wani irin taru mai kama ƙwayoyin cuta kafin su kai ga jiki.

Wannan kuwa ita ce matsalar masu dasa ƙarfe a karaya ko bututu a mafitsara: ƙwayoyin cuta sukan manne a jikin abin, su yi dafifi, magani ya kasa ratsa su, wani lokaci sai an sake yanka majinyaci. An riga an kwaikwayi fatar kifin shak, bisa aikin Farfesa Anthony Brennan na Jami'ar Florida, aka ƙera shimfiɗa mai ƙananan tudu wadda ke hana su mannewa. Na gaiwa bai wuce ɗakin bincike ba tukuna.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Tarayya da ke Gusau ba sa bukatar jirgin sama kafin su sami gaiwa. Fartanya da masunci ɗaya daga Gummi sun isa.