Sankarar mama: yadda ƙwayoyin nano ke kai magani inda cutar take

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kusan miliyan 2.3, kuma cutar ta kashe kimanin 670,000. Ɗaya daga cikin hanyoyin yaƙar ta shi ne maganin kemoterafi da ake ɗurawa ta jijiya. Matsalarsa ita ce yana bin jini ko'ina, yana taɓa mai cuta da mai lafiya. Shi ya sa gashi ke zubewa, jini ya ragu, amai ya yawaita.

Dabarar masana ita ce a naɗe maganin cikin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ake kira nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi guda kuwa ya kai nanomita 80,000. Jijiyoyin da ke ciyar da ƙullutun sankara suna da ƴan kafofi, don haka ƙwayoyin kan sulale ta nan su taru a cikinsa. Masu bincike biyu na Japan, Matsumura da Maeda, su suka bayyana wannan a 1986.

Akwai magunguna biyu da aka daɗe ana amfani da su. Doxorubicin yana da ƙarfi, amma yana lahanta zuciya. Da aka sa shi cikin ƙwanson kitse, aka sami Doxil, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, a Turai kuma ake kiransa Caelyx. Illarsa ga zuciya ta ragu, sai dai yakan sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su saɓule.

Na biyu shi ne paclitaxel, wanda ba ya narkewa a ruwa. A da sai an haɗa shi da wani sinadari na man zurma, wanda jikin wasu ke ƙi. Abraxane, da aka amince da shi a 2005, ya ɗaure maganin da albumin, wani sinadarin jini, cikin ƙwayoyi masu girman nanomita 130. Ɗurin da kan ci awa uku ya koma minti 30.

Amma dabarar tana da iyaka. Wani nazari da masana a jami'ar Toronto ta Kanada suka fitar a 2016 ya gano cewa, a gwajin dabbobi, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na ƙwayoyin ke isa ƙullutun, yawancin sauran hanta da saifa ke tsare su. Abin da ya fi tabbata zuwa yanzu shi ne rage wahalar jinya, ba warkar da cutar da ta yaɗu ba.

Wannan yana da muhimmanci a Afirka kudu da Sahara, inda mata da yawa ke zuwa asibiti bayan cutar ta yi nisa, kuma waɗannan magunguna suna da tsada. Duk macen da ta ji ƙullutu a mama ko hammata, ko ta ga jini na fita daga kan nono, ta je asibiti ba tare da jinkiri ba.