Kwana a arewacin Kaduna: Abin da ya sa wurin da otal yake ya fi ƙawarsa muhimmanci

Baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa bayan la'asar, ko ya shigo gari ta Kawo daga Kano ko Zariya, tambayarsa ta farko ita ce inda zai kwana. Da yawa kuɗin ɗaki kawai suke dubawa, sai gari ya waye su tarar rangwamen da suka samu ya ƙare a kuɗin Keke Napep da zaman cunkoso.

Dalilin haka yana cikin tsarin birnin. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, a arewacin kogi aka jera gine-ginen mulki. A nan Lugard Hall yake, inda majalisar dokokin jiha ke zama, da Gidan Arewa, da dandalin Murtala, da Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ma nan yake. Wanda ya kama ɗaki tsakanin titin Ahmadu Bello da titin Independence zai iya kai wa mafi yawansu cikin 'yan mintuna, wasu ma da ƙafa. Wanda kuwa ya kwana a kudancin kogi alhali hidimarsa tana arewa, sai ya bi layin gada da safe, a daidai lokacin da ma'aikata ke tsallakowa.

A da ba a wahalar zaɓi. Manyan baƙi Hamdala suke sauka, a titin da aka fi sani da Waff, ko otal ɗin Durbar da aka gina domin bikin FESTAC na 1977. An rushe Durbar a watan Janairun 2020 bayan ya daɗe a rufe. Yau ƙananan otal-otal da gidajen saukar baƙi ne ke ɗaukar nauyin matafiya, yawancinsu gidajen zama ne da aka mayar masauki a Unguwar Rimi, da Malali, da Unguwar Sarki.

Irin wannan masauki ba ya alkawarin alfarma: gado ne mai tsabta, da banɗaki, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da mai gadi a ƙofa. Abin da ke bambanta nagari da na banza shi ne wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin lantarki ga 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, masu ƙananan otal da dama suka ƙayyade sa'o'in kunna janareta. Ɗakin da ke da na'urar sanyi amma injin ke mutuwa da tsakar dare, a zafin watan Afrilu, sunansa kawai ya fi ɗakin fanka. Don haka masu yawan tafiya kan tambayi ƙarfe nawa ake tayar da inji da ƙarfe nawa ake kashe shi kafin su biya, su kuma buɗe famfo su ga ruwa da idonsu. Akwai kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda wasu ba sa ambata sai wajen biya.

Kusanci da tsakiyar gari ba kowa yake yi wa amfani ba. Mai jinya a Asibitin Ido na Ƙasa ya fi dacewa da masaukin da ke kusa da asibitin, ɗan kasuwar da ya zo bajekolin duniya da ake yi a hanyar Zariya kuwa Kawo ta fi masa sauƙi. Rigasa tana yamma da gari da 'yar tazara, kuma mai jirgin sassafe zuwa Abuja yana bukatar ya shirya da direba tun da daddare. Ɗakin da ke bakin babban titi kuma, komai kusancinsa da kasuwa, ba ya barin mutum ya yi barci. Wanda ke layi na biyu ko na uku a bayansa yakan fi shiru, sau da yawa kuma ya fi araha.