Abin da ke Sa Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu Ya Riƙa Bauɗewa a Sama

Gabatarwa

Ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake sarrafawa daga ƙasa da rimot, abin wasa ne a idon mutane da yawa, amma dokokin kimiyyar da ke ɗauke da babban jirgi su ne ke ɗauke da shi. Ƙorafin da aka fi ji daga masu koyon tuƙa shi guda ne: da zarar an ɗaga shi aka saki sandunan rimot, maimakon ya tsaya cik kamar mazari bisa tafki, sai ya riƙa zamewa gefe, ko ya dinga juya hanci, har ya bugi bango. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin jirgin ba, domin farfelar da ke gudu tana iya tsaga yatsa ko ta lahanta ido. Wannan maƙala za ta bayyana tushen matsalar da hanyar gano ta, tare da la'akari da yanayin ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi.

Tushen Matsalar

A shekarar 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani abu, shi ma za a tura shi baya da ƙarfi daidai da wanda ya yi. Wanda ya taɓa dira daga kwalekwale a bakin ruwan Yawuri ya san haka, domin yana yin gaba kwalekwalen na yin baya. To, idan inji ya juya babbar farfela ta wani ɓangare, gangar jikin jirgin za ta nemi juyawa ta ɗaya ɓangaren. Maganin da Igor Sikorsky ya yi amfani da shi a jirginsa na shekarar 1939 a Amurka shi ne ƙaramar farfela a wutsiya, wadda ke tura iska gefe don ta hana jikin juyawa. Ƙananan jiragen rimot, waɗanda Bajamushe Dieter Schlüter ya yi fice wajen ƙera su a farkon shekarun 1970, wannan tsari suka gada.

Sai dai gyara ya zo da nasa cikas. Farfelar wutsiya tana hana juyawa, amma kuma tana ingiza jirgin baki ɗaya zuwa gefe. A yawancin ƙananan jirage babbar farfela tana bin hannun agogo idan aka dube ta daga sama, saboda haka jirgin kan zame hagu lokacin tashi. Wannan ba lalacewa ba ce. Matuƙi kan ɗan karkata shi dama kaɗan, sai ya tsaya. Akwai kuma jirage masu manyan farfeloli biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowace tana juyawa saɓanin 'yar'uwarta. Irin wannan tsari ne da jirgin Ingenuity, wanda ya fara tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu, 2021.

Abu na biyu shi ne kusanci da ƙasa. Iskar da farfela ke turowa ƙasa tana bugun daɓe ta dawo a hargitse, sai jirgin ya riƙa santsi kamar ƙwarya a kan ruwa. Hargitsin yana raguwa idan jirgin ya yi sama fiye da faɗin farfelarsa. Don haka ba a yanke hukunci a kan bauɗewa sai jirgi ya kai kamar tsayin ƙugun mutum.

Yadda Jirgi ke Jin Juyi

Mazarin kaɗi, ko katantanwar da yara ke murzawa, ba ya faɗuwa muddin yana juyawa da sauri, kuma yana ƙin a kautar da shi. Bafaranshe Léon Foucault ya gina na'ura a kan wannan ɗabi'a a 1852, ita ce ake kira jairo. A jiragen yau jairon ɗan ƙanƙanin abu ne da ke kaɗawa a cikin allon lantarki, yana jin duk wani juyi, ya umarci wutsiya ta gyara.

Halittu sun riga ɗan Adam mallakar irin wannan. Ƙuda da sauro fikafikai biyu ne da su, a bayansu kuma akwai wasu 'yan sanduna biyu masu kai kamar tabarya, da ke kaɗawa tare da fikafikan. A 1948 masanin dabbobi J. W. S. Pringle ya yi bayanin yadda suke aiki tamkar jairo, kuma idan aka cire su ƙuda ba ya iya tashi daidai. Shi ma mutum yana da bututu 3 masu ruwa a can cikin kowane kunne. Yaron da ya yi ta juyi ya tsaya, jiri kan kwashe shi domin ruwan bai daina motsi ba. Jairon da ya sami saƙon ƙarya haka yake sa jirgi tangaɗi.

Hanyar Bincike

Ƙa'idar farko ita ce a lura kafin a taɓa komai, a kuma sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya kwance abubuwa uku lokaci guda ba zai san wanne ne mai laifi ba.

Da farko a raba laifin iska da na jirgi. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, kuma idan ta ratsa duwatsun Zuru da gine-gine sai ta riƙa murɗawa. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗaga jirgi hancinsa na duban gabas, a lura da inda ya nufa. Sa'an nan a sauke shi a juya hancin yamma, a sake ɗagawa. Idan duka biyun kudu ya nufa, iska ce. Idan kuwa kullum hagunsa ko gabansa yake bi, ko ina ya fuskanta, matsalar a jikinsa take. Zauren taro na makaranta, a rufe tagogi a kashe fanka, ya fi fili dacewa da gwaji.

Idan jirgi gaba ko baya yake zamewa, a fara duba nauyi. A cire waya daga batir amma a bar shi a mazauninsa, a ɗaga jirgin da yatsu biyu ta gindin farfela. Ya kamata ya rataya a miƙe kamar ma'aunin da ya daidaita. Idan hanci ya sunkuya, a ja batir baya kaɗan. In nauyi daidai yake, sai a dubi faifan da ke kewaye da sandar tsakiya, wanda shi ke karkata farfela. Idan ya jirkice alhali sandunan rimot suna tsakiya, a daidaita tsawon 'yan sandunan da ke riƙe da shi, rabin murɗi a kowane karo.

Idan hanci ne ke juyawa, a dubi wutsiya da jairo. Ƙurar hunturu da gashi da zare kan shiga haƙoran giya su rage wa farfelar wutsiya gudu. A jirgi mai farfeloli biyu, injin da ya fi ɗan'uwansa gajiya shi ke kawo juyin. Haka nan ƙwayar batirin litiyam tana da bolt 4.2 idan ta cika, tana raguwa ana cikin tashi; bauɗewar da ba ta bayyana sai ƙarshen tashi alama ce ta batir ya yi sanyi.

Shi kuwa jairo, lokacin da aka haɗa batir ne yake koyon abin da ake nufi da tsayuwa. Don haka a mayar da maɓallan daidaito tsakiya, a kunna rimot, sa'an nan a haɗa batir, a bar jirgin bisa daɓe mai shafe na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da an taɓa shi ba. Jirage masu na'urar jin karkata, idan aka saita su a kan gangare, sukan ɗauki gangaren a matsayin daidai, abin da ya kamata mazauna gindin dutse su kiyaye. Sauyin zafi ma yana rikita jairo: jirgin da aka fito da shi daga ɗaki mai ɗumi zuwa sanyin asuba, a bar shi ya saba na 'yan mintuna.

A ƙarshe a dubi girgiza. Sandar tsakiya da ta lanƙwashe bayan faɗuwa, ko reshen farfela da ya fi ɗaya nauyi, kan sa jiki rawa, rawar kuma ta ruɗa jairo. A gangara sandar bisa gilashi. Idan tana tsalle, ta lanƙwashe. Maɓallan daidaito na rimot su ne matakin ƙarshe, don ɗan abin da ya saura. Wanda ya fara da su ya rufe ciwo ne da tsumma.

Kammalawa

A 2007 kafofin labarai na duniya sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, ya kuma ɗaga shi kimanin ƙafa 7 daga ƙasa. Wannan ya nuna basira ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ake buƙata shi ne horo a kan auna abu da rubuta sakamako. Tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru a 2020, ɗaliban yankin suna da ƙarin dalilin koyon wannan fanni, domin jirgi marar matuƙi da ke feshin gona, idan ya bauɗe, maganin ƙwari zai sauka ne a gonar maƙwabci ko a tafkin da dabbobi ke sha. Malamin da ya sa ɗalibansa su ajiye littafin gwaji, su rubuta ranar tashi da yanayin iska da abin da aka sauya da abin da ya biyo baya, ya koya musu hanyar binciken kimiyya da abin da suka ɗauka wasa ne.